Gadon jinjiri na gefen gado: a sayo ne ko a ba kafinta?

Amaryar Karkada:
Assalamu alaikum ƴan uwa, ina kwananku. Don Allah shawara nake nema. Cikina ya shiga wata takwas kuma na fari ne, wajen awo an ce min wataƙila aiki za a yi min saboda yadda yaron ya zauna. To maigidana ya ga wani gadon jinjiri a waya, irin wanda ake jingina shi da gadon uwa ana sauke gefe ɗaya, ya ce zai sa a kawo mana daga Kano, inna kuma ta ce ɓarnar kuɗi ce kawai, jinjiri a jikin uwarshi yake kwana tun kaka da kakanni. Maƙwabciyata ita ma ta ce in bar wahala in sayi ɗan ƙaramin nan na soso mai sange da ake saidawa Kasuwar Dole in aza shi bisa gadona. Kaina ya kulle wlh. Wadda ta taɓa amfani da shi ta gaya min tsakani da Allah, yana da amfani ko ƙawa ce kawai?

Maman Nafisa:
Wa alaikumus salam, Allah ya raba lafiya ƙanwata. In dai aiki za a yi miki to ki karɓa hannu biyu. Ni aiki aka yi min haihuwata ta biyu, satin farko ko juyi ba na iyawa sai na riƙe ciki, tashi daga kwance kuwa kamar ɗinkin zai buɗe. Da gadon yana manne da nawa, miƙa hannu kawai nake in jawo ta in ba ta nono in maida.

Maman Abdul Magarya:
Amin. Ni dai na soson nan mai sange na yi amfani da shi har yara uku kuma lafiya lau Alhamdulillah, ga araha ga shi kina ninke shi ki tafi da shi gidan biki.

Hajiya Inna:
Ƴata ki ji maganar innarki. Tara na haifa, bakwai suna raye, babu wanda na taɓa ajewa cikin akwati shi kaɗai kamar maraya. Jinjiri ɗumin uwa yake so, in ya ji numfashinki hankalinshi ya kwanta, ke ma ruwan nono ya fi zuwa. Ku yaran zamani komai kuka gani a waya sai kun saya.

Amaryar Karkada:
Haka inna ta ce Hajiya, kalma da kalma. Ni abin da ke ba ni tsoro nauyin barci gare ni, ko an ɗauke wuta an maido ban sani ba.

Tantin awo:
Salam jama'a, yanzu na sauko daga aiki na tarar da maganar. Hajiya Allah ya ƙara girma, rabin maganarki ni ma ita nake gaya ma mata kullum a wajen awo: jinjiri kusa da uwarshi ya kamata ya kwana, ɗaki ɗaya, yana jin motsinta tana jin nashi, aƙalla wata shida na farko. Ba mu taɓa cewa a kai shi wani ɗaki ba. Inda muka rabu shi ne shimfiɗa. Ɗaki ɗaya, amma kowa da shimfiɗarshi, kuma gadon da amarya take magana dama don haka aka yi shi, yana gefenki hannunki na kai gare shi amma jikinki da zanen rufarki da matashinki ba su kai.

Akwai mutuwar da ke ɗaukar jarirai cikin barci, a kwantar da yaro lafiya lau a wayi gari babu shi kuma ko an bincika ba a ga ciwo ba. Ta fi yawa tsakanin wata ɗaya zuwa huɗu, kuma kusan tara cikin goma kafin wata shida take faruwa. Mu nan sai a ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne rai na Allah ne, amma an gano abubuwan da ke ƙara ta: kwantar da yaro rub da ciki, shimfiɗa mai laushi da fuska ke nutsewa, zafi ya yi mishi yawa, hayaƙin taba. A Ingila 1991 suka fara kamfe na kwantar da jinjiri rigingine, Amurka 1994, cikin ƴan shekaru irin wannan mutuwar ta ragu fiye da rabi. Ba magani aka ba su ba, juya yaro kawai aka yi.

Hajiya Inna:
Rigingine? To in ya yi tumbuɗi fa ya shaƙe? Mu kan gefe muke kwantarwa mu tokare bayan da zane.

Maman Abdul Magarya:
Wlh Hajiya ni ma shi ne tsorona, Abdul tumbuɗi gare shi kamar me.

Tantin awo:
Tambayar da kowace kaka take yi min ke nan kuma tana da hujja. Amma ku taɓa wuyanku, maƙogwaron da iska ke bi shi ne a gaba, hanyar abinci tana bayanshi. In yaro yana rigingine hanyar iska ce a sama ta abinci a ƙasa, abin da ya taso sai ya koma inda ya fito ko ya haɗiye ko ya yi tari ya fitar. In kuwa rub da ciki yake, hanyar abinci ce ta hau sama, tumbuɗin sai ya taru bakin hanyar iska. Kan gefe kuma matsalarshi mirginawa, yaro ya fi sauƙin faɗawa kan cikinshi daga nan, zanen da aka tokare shi da shi kuma shi ne zai zo ya tare mishi hanci. Ki sa shi a kafaɗa ya yi gyatsa bayan nono sannan ki kwantar da shi kan bayanshi.

Maman ƴan biyu:
Bari in ba ku labarina, ban cika son tuna shi ba amma don amarya zan faɗa. Hassana tana da wata biyu, lokacin sanyi ne, mu uku bisa gado ni da su, gadon yana jingine da bango. Na ba Husaini nono barci ya sace ni ina zaune. Ban san me ya tashe ni ba wlh har yau, na lalubo gefena babu Hassana, na kunna fitilar waya sai ga ƙafarta kawai nake gani, ta zame tsakanin katifa da bango kanta ƙasa, zanen rufata ya bi ta. Da na jawo ta leɓenta ya canja kala, ba ta yi kuka ba sai da na jijjiga ta na hura mata fuska. Ko ƙara ba ta yi ba lokacin da ta faɗa, shi ne abin da har yanzu yake tsaya min a rai, ina kusa da ita kamu ɗaya ban ji komai ba. Ramin nan bai kai tafin hannuna faɗi ba. Washegari babansu ya je wajen kafinta.

Amaryar Karkada:
Innalillahi. Jikina har rawa yake.

Maman Nafisa:
Allah ya tsare gaba, Allah ya raya mana su.

Hajiya Inna:
Allah ne ya kiyaye ƴata. Amma ki lura gadonku na zamani ne mai tudu da katifar soso. Mu tabarma ce a ƙasa, ba rami ba tudu, ina yaro zai faɗa?

Tantin awo:
Nan kam Hajiya kin faɗi gaskiya, kuma ina so yara su ji ta da kyau. Shimfiɗar da ta yanzu ba ɗaya ba ce. Tabarma ko ƴar siririyar katifa a ƙasa tana da tauri, ba inda fuska za ta nutse. Yanzu ɗakin amarya katifa ce mai kauri da taushi, matasai shida, bargo mai nauyi na kayan ɗaki, ga waya a hannu har biyun dare sannan barci ya zo da nauyi. Shi ya sa ba na faɗa da wadda ta ce ba ta da halin gado, sai in ce mata to ki kwana ƙasa, ki janye daga bango, ki kawar da matashi da bargo daga wajenshi, kar ki sa wani yaro kusa da shi. Amma akwai waɗanda nake ce ma kar su haɗa shimfiɗa ko kaɗan: wadda ta haifi bakwaini ko yaron da bai kai kilo 2.5 ba, gidan da ake shan taba ko shisha, da wadda ta sha magani mai sa barci. Amarya in aka yi miki aiki kwanakin farko kina cikin na ƙarshen nan, ga gajiya ga maganin ciwo. Kuma kujerar falo ta fi komai haɗari, kar ki yarda barci ya ɗauke ki bisa kujera da yaro a ƙirji.

Maman Abdul Magarya:
To Tanti nawa na soson fa? Kin yi shiru kanshi.

Tantin awo:
Ban so in ɓata miki rai ba ne Maman Abdul, Allah ya raya miki naki. Amma tunda kin tambaya, ba na ba da shawararshi don barcin dare. Gefenshi soso ne mai kumburi, yaro in ya murɗa ya manna hanci jikinshi ba shi da ƙarfin wuyan da zai janye, kuma da ɗan matashinshi yake zuwa. Sannan in kin aza shi bisa katifarki duk juyin da kika yi yana karkata. Da rana kina zaune kina kallonshi a gidan biki, wannan daban. Matashin dai ki cire, jinjiri ba ya buƙatar matashi sai ya wuce shekara.

Maman Abdul Magarya:
Ai matashin don kai ya yi kyau ne, kar ƙeya ta baje.

Tantin awo:
Maganin ƙeya shi ne in yana farke ki riƙa kifa shi bisa cinyarki ko tabarma na ɗan lokaci kina kallo, wuyanshi ma ya yi ƙarfi, kuma ki riƙa canja gefen da kanshi ke kallo. Mu da muke goyo ma ai ƙeyar ba ta wuni ƙasa.

Ƴar Birni a Faransa:
Ina gaida iyayena da yayyena. Ni nan na haihu bara kuma irin gadon nan na yi amfani da shi, bari in faɗi abin da na koya don in za a sayo daga Kano a san abin dubawa. A Turai akwai ƙa'idar da ake kira EN 1130, an sabunta ta 2019, ana rubuta lambar jikin kwali ko takardar da ke manne da gadon. Sabuwar ƙa'idar ta ce ko an sauke gefen da ke wajen uwa sai an bar ɗan shinge da bai gaza santimita 12 ba, don kar yaro ya mirgino cikin gadon uwa, kuma dole ya zo da maɗauran da ake zagaya gadonki da su a ɗaure tamau. Maɗauran nan su ne ran gadon. In babu su, duk lokacin da kika jingina ko kika tura shi da gwiwa cikin barci yana matsawa kaɗan kaɗan har rami ya buɗe tsakani, irin ramin da Maman ƴan biyu ta faɗa. Kuma katifarki kar ta yi ƙasa da bakin shingen, yawancinsu ƙafafun suna hawa suna sauka sai ki daidaita.

Abu na biyu, gado na hannu wato gwanjo. A Ingila 2015 wata jinjira ƴar sati bakwai ta rasu cikin irin gadon nan, na hannu ne, an sauke gefen rabi ta ɗora wuyanta bisa bakin. Don haka in gwanjo ne ku tabbata komai nashi ya cika har takardar bayani, in babu ku bar shi duk arahar shi.

Amaryar Karkada:
Yaya na gode. Na duba hoton da ya turo min, an rubuta wai ana iya ɗaga wajen kai don tumbuɗi, shi ma yana da kyau?

Ƴar Birni a Faransa:
Kar ki ɗaga, ki bar shi a shimfiɗe daidai. In ya karkata yaro zamewa yake ƙasa haɓarshi ta danne ƙirji numfashi ya matse. A Amurka akwai wata kujerar barci mai karkata ta Fisher-Price, Rock 'n Play, da aka janye daga kasuwa 2019, guda miliyan 4.7, bayan mutuwar jarirai sama da 30, kuma 2022 suka yi doka suka hana saida kayan barcin jarirai masu karkata da soson nan da ake zagaye cikin gado da shi. Abin da nake jin tsoro irin kayan da aka hana can su ne suke biyo kwantena su sauka kasuwanninmu.

Maman Nafisa:
Wannan gaskiya ne, soson zagayen nan kam har cikin kayan suna ake kawo shi da ƴan teddi.

Uwargidan kafinta:
Ni fa in an bi tawa a ba kafinta nan gida. Ba don maigidana sana'arshi ce ba wlh, ba talla nake ba kuma ba zan sa lamba ba. Dalilina gadajenmu nan ba tsayinsu ɗaya ba, wani na katako mai akwati a ƙasa wani na ƙarfe, wata ma katifa biyu ta ɗora, na kantin sai ki kawo ya ƙi daidaita kuma ba wanda zai karɓa ya maida miki kuɗi daga Kano. Kafinta kuwa zai zo da metir ya auna daga ƙasa zuwa saman katifarki. Abin da za ki tsaya a kai tazarar sanduna, kar ta wuce santimita 6, in gwangwanin lemo ya wuce tsakani to ta yi faɗi, jikin yaro zai iya zurarewa kai ya maƙale. A goge katakon sumul, ba kan ƙusa a waje, ba ado mai huji da hannu ko riga za su shiga. Katifar kuma a yanka soso mai tauri daidai cikin gadon, in yatsunki biyu suka shiga tsakanin katifa da katako to a sake yankawa. Ki danna ta da tafin hannu, in shaidar hannun ta tsaya ba ta taso nan take ba ta yi laushi.

Tantin awo:
Madalla da uwargida. In ƙara, ki ce mishi ya yi shi da gefe huɗu cikakku kawai ki jingina shi kusa da gadonki. Ban yarda a ce kafinta ya kwaikwayi mai saukewar nan daga hoto ba, don sakatar da shingen su ne wurin haɗarin kuma su can gwada su ake yi kafin a fitar. Mai gefe huɗu ba ruwanki da rami tsakani.

Maman Nafisa:
Amma Tanti mai gefe huɗu sai ta tashi zaune ta sunkuya ta ɗauko shi, ga ɗinki. Amfanin mai saukewar ke nan fa.

Tantin awo:
Haka ne, ban musa ba. In ta samu na ƙwarai mai maɗaurai da takardarshi ya fi mata sauƙi. In ba ta samu ba gara wahalar sunkuyawa, kuma ai ba ita kaɗai za ta kwana ba satin farko.

Amaryar Karkada:
Gida zan je wanka ai, wajen inna Birni, sai na yi arba'in.

Uwargidan kafinta:
To kin ga wata magana kuma. Gadon da za a auna na ɗakin inna ne ko naki? Kuma fenti, in za a shafa a shafa tun yanzu a bar shi waje inuwa ya sha iska warin ya fita, ni dai na yarana ban sa an shafa komai ba.

Maman ƴan biyu:
Ku tsaya, duk ba ku yi maganar zafi ba. Amarya yaushe ne watan haihuwar?

Amaryar Karkada:
Ƙarshen Afrilu in sha Allah.

Maman ƴan biyu:
Tabɗi, tsakiyar bazara. Wa ke kwana ɗaki Damagaram a Afrilu da Mayu, rana ta wuce 40 ɗakin kwano kamar tanda har asuba, in an ɗauke wuta fanka ta tsaya kowa tsakar gida yake fitowa da tabarma. Gadon da aka ɗaure jikin gadon ɗaki me zai yi miki a tsakar gida? Mu namu marar nauyi aka yi, mutum ɗaya yana ɗauka, da dare mu fito da shi mu aje gefen katifata, kuma yana da ƙafa ya ɗaga daga ƙasa saboda kunama da kiyashi. Wannan kaɗai ya isa dalili wlh, lokacin zafi kunama ba ta wasa.

Ƴar Birni a Faransa:
Gaskiya na manta da wannan. Nan ce mana ake zafin ɗaki ya kasance digiri 18 zuwa 20, a gida kuwa ko watan Janairu da rana ba a samun haka.

Tantin awo:
Shi ya sa ba na gaya ma matanmu lamba, hannu nake ce su sa. Ki taɓa ƙirjinshi ko bayan wuyanshi, in ya yi gumi ko zafi ki rage kaya, kar ki auna da tafin ƙafa ko hannu don su kullum sun fi sanyi. Abin da ke damuna kullum a kawo min jinjiri Afrilu cikin hular ulu da safa da rigar sanyi an naɗe da tawul, duk jiki ƙuraje. Hula tana da amfani sa'o'in farko bayan haihuwa da kuma bakwaini in likita ya ce, amma yaro lafiyayye in zai yi barci a ɗaki a cire, ta kai yake fitar da zafi kuma tana iya zamowa ta rufe fuska. Kuma don Allah kar a ce zafi ya yi yawa a ba shi ruwa, nono zalla har wata shida, ruwan da yake buƙata yana ciki, ke uwar ce za ki sha da yawa.

Hajiya Inna:
Ruwan ma an hana? Ikon Allah. To sauro fa, shi ma waya za ta kore shi?

Tantin awo:
Sange Hajiya, wannan ba sassauci. Wanda ake ba mata wajen awo mai magani shi ne. In gadon yana manne da na uwa a sa babban sange ya rufe su duka biyu a cusa bakinshi da kyau, in daban yake a yi mishi sanduna sama a ɗaure nashi ya miƙe, kar ya yi lanƙwasa ya sauko kan fuska ko hannunshi ya kama. Sabon sange a shanya shi inuwa kwana ɗaya kafin a shiga. Ku tuna maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake rabawa gida gida daga wata uku yake farawa zuwa shekara biyar, wanda bai kai wata uku ba sange ne kaɗai garkuwarshi. Igiyar leko ta korar sauro kuma a bar ta waje, hayaƙinta ba na ƙirjin jinjiri ba ne.

Maman Nafisa:
Turaren wuta fa Tanti, mai jego ba turare ai ba ta yiwuwa.

Tantin awo:
Ki yi turarenki yaro yana hannun wani a waje, ɗaki ya sha iska sannan a shigo da shi. Wanda ya fi ba ni tsoro garwashin da ake shiga da shi ɗaki lokacin sanyi a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iska mai guba da ba ta da wari ba ta da kala, babba ya tashi da ciwon kai, jinjiri kuwa ba lallai ya tashi ba. Amarya ke bazara za ki haihu amma sanyi zai same ki da yaro ɗan wata takwas.

Maman Abdul Magarya:
Lokacin ai ya fi ƙarfin ɗan gadon ko?

Ƴar Birni a Faransa:
Eh, yawancinsu wata shida ne ko kilo 9, ki duba takardar naki. Amma ba watan za ki bi ba, ranar da kika ga ya fara dafa hannu yana ɗago ƙirji ko yana neman zama to ya gama da shi, ko wata biyar ne. Da ya fara mirginawa ma ki ɗaga gefen ki rufe, kuma ki daina naɗe mishi hannuwa cikin zane.

Hajiya Inna:
Na ji duk bayananku, kuma na ƴan biyun nan ya taɓa ni. Amma abu ɗaya zan roƙa, kar ku je ku ce ma iyayenku ba su iya ba. Innarki ita za ta tashi da asuba ta dafa miki ruwan wanka ta dama miki kunun kanwa kwana arba'in, in kika shigo mata da gado kina cewa likita ya ce, za ta ji kamar kin raina renon da ta yi miki. Ki ce mata saboda ɗinki ne da nauyin barcinki, ki ce ita kike so ta riƙa miƙo miki shi. Ki aje gadon tsakanin shimfiɗarki da tata.

Amaryar Karkada:
Hajiya wlh kin warware min abin da ya fi damuna, dama yadda zan tunkare ta ne ban sani ba. Allah ya saka da alheri.

Tantin awo:
Hajiya ta fi mu iya wannan. Tunda kina nan Hajiya in roƙi abu ɗaya ta bakinki, don ke za su ji: layar da ake rataya ma jinjiri a wuya da zare. Ban ce komai kan abin da ke ciki ba, zaren nake magana, yana iya maƙalewa jikin sanda ko ya naɗe cikin barci. Haka igiyar cajin waya da ake bari tana lilo gefen gado.

Hajiya Inna:
Wannan mai sauƙi ne, a sa ta ƙarƙashin katifa ko a rataye jikin bango sama da kanshi. Mu ma wasu haka muke yi.

Tantin awo:
Jikin bango ya fi Hajiya, nesa da inda hannunshi zai kai, katifar a bar ta a shimfiɗe ba komai ƙarƙashi.

Amaryar Karkada:
Na yi magana da maigidan yanzu, na karanta mishi na Maman ƴan biyu ya yi shiru. Ya ce a bar na Kano tunda ba mu ga maɗauran a hoton ba kuma mai kayan ya kasa turo hoton takardar, gobe zai kawo kafinta. Mai gefe huɗu marar nauyi, sanduna santimita 6, da sandunan sange a sama. Uwargida tsayin ƙafafun nawa zan ce mishi, tunda gidan inna ƙasa zan kwana nan kuma gadona mai tudu ne?

Uwargidan kafinta:
Ki auna min daga ƙasa zuwa saman katifar gadonki tukuna, da ta gidan inna, sai in tambaye shi in ya dawo sallar isha'i. Ina jin gajerun ƙafafu zai ce don ya fi zama daram a tsakar gida, amma bari in ji daga bakinshi.

Amaryar Karkada:
To ba ni da metir, bari in aika gidan tela a aro min.